Tseren kora na mata: a fara da agogo da littafi, filin katako ya biyo baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Mu masu horar da ƴan tseren keke ne da masu gyaransa a nan Yamai, muna roƙon ɗan fili a shafin wasanni na jaridarku. Shafin kusan kullum na kokowa ne da ƙwallon ƙafa, ba mu kuma ga laifin haka ba, tunda su jama'a suka fi bi. Amma akwai wani tsere da ƴan matan Nijar za su iya fara shirinsa tun yau ba sai an gina komai ba. Shi ne tseren kora na ɗai-ɗai, wanda takardun hukumar keke ta duniya, UCI, suke kira poursuite individuelle. Daga 1 ga Janairun 2025 hukumar ta ƙara nisansa ga mata daga kilomita 3 zuwa kilomita 4, daidai da na maza. Lokutan da aka tara cikin shekara sittin da ƴan kai an rufe littafinsu, kowace ƙasa ta koma tana sabon lissafi. Muna ganin babu lokacin da ya fi wannan dacewa mu buɗe namu littafin.

Ga yadda tseren yake. Filin manyan gasanni zagayensa mita 250 ne, an shimfiɗe shi da katako, yana da miƙaƙƙun ɓangarori biyu da lanƙwasa biyu. Lanƙwasar a tashe take kamar cikin ƙwarya, tashinta ya wuce digiri 40, har wanda bai taɓa gani ba sai ya ce keke ba zai tsaya a kai ba. Ana tafiya ana lanƙwasawa hagu kullum. Mata biyu ne a fili, ɗaya a tsakiyar wannan miƙaƙƙen ɓangare, ɗaya a tsakiyar wancan, wato tsakaninsu mita 125, kowace tana bin bayan ƴar'uwarta. Na'ura ce ke riƙe keken ta baya, agogo yana ƙirga ƙasa, idan ya kai sifili ta saki. Zagaye 16 ne yanzu, da can 12. A zagayen share fage lokaci kawai ake dubawa: biyun da suka fi sauri su kara don zinariya, ta uku da ta huɗu su kara don tagulla. A karawar ƙarshe kuwa hanyar nasara biyu ce, ko ki riga abokiyar karawarki cika nisan, ko ki cim mata. Idan ƙarfen fedarki ya zo daidai da nata, an kama ta ke nan, alƙali ya harba bindiga, tsere ya ƙare ko da saura zagaye shida. A gudun manyan ƴan tsere, mita 125 ɗin nan daƙiƙa 8 ne da ɗan wani abu, saboda haka kamu yana nufin tazarar da ke tsakanin su biyun babba ce ƙwarai.

Tseren ya daɗe. Tun 1958 mata ke yin sa a gasar duniya. Beryl Burton ta Ingila ta ci shi sau biyar tsakanin 1959 da 1966, Tamara Garkushina ta Tarayyar Sobiyet sau shida, Rebecca Twigg ta Amurka ita ma sau shida, Sarah Hammer sau biyar. Ya shiga wasannin Olamfik a Barselona a 1992, inda Petra Rossner ta Jamus ta ɗauki zinariya, aka kuma cire shi bayan wasannin Beijin na 2008. Wannan maganar ta ƙarshe muna so iyaye da shugabannin wasanni su ji ta da kyau, don kada wani ya zo ya yi musu alkawarin lambar Olamfik a tseren da babu shi a Olamfik. Abin da ke akwai shi ne gasar Afirka, da gasar duniya mai rigar bakan gizo, wadda ake sa wa wadda ta ci. Sai dai tseren kora na ƙungiya, na mata huɗu a kilomita 4, yana nan a Olamfik, kuma daga cikin gwanayen ɗai-ɗai ake tsamo masu yin sa. Chloé Dygert, wadda ta ci na ɗai-ɗai a 2017, 2018, 2020 da 2023, tana cikin ƴan Amurka huɗun da suka ɗauki zinariyar ƙungiya a Paris a 2024.

Wani abin da ya sa muke ganin ƙofa ce gare mu: da yawa cikin gwanayensa ba da keke suka tashi ba. Rebecca Romero, wadda ta ci zinariyar 2008, a 2004 tuƙin kwalekwale take yi, har ta samu azurfa a Olamfik da shi. Antonella Bellutti ta Italiya, mai zinariyar 1996, daga guje-guje da tsalle-tsalle ta fito. Anna Morris ta Birtaniya likita ce, sai da ta girma ta hau filin katako. Tseren ba ya neman dabarar kutsawa cikin taron kekuna, wadda sai an shekara da shekaru ana faɗuwa ana tashi kafin a iya. Huhu da zuciya yake nema, da ƙafa mai jure zafi, da kai mai riƙe lissafi. Yarinyar da ke cin gudun mita 800 ko 1500 a wasannin makarantu a Tawa, Maraɗi ko Damagaram ta riga ta nuna rabin abin da ake buƙata.

Asalin sana'ar kuwa rabon ƙarfi ne, nan ne kuma kusan kowace sabuwar ƴar tsere ke faɗawa rami. A gudun da ya wuce kilomita 40 a awa, mafi yawan ƙarfin ƙafa a kan tura iska yake ƙarewa, iskar kuma ba ta ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu. Idan aka ƙara gudu da kashi 5 cikin ɗari, ƙarfin da iska za ta ci ya ƙaru da kusan kashi 16. Mu ɗauki yarinyar da ake so ta yi kilomita 4 cikin minti 6 cif, wato daƙiƙa 360. Zagayen farko, da yake daga tsaye ake tashi, yana cin ƙarin daƙiƙa kamar 6. A cire 6 daga 360, a raba 354 gida 16, a samu 22.1. Jadawalinta ke nan: zagayen farko 28.1, sauran goma sha biyar kowanne 22.1. To, ga abin da ke faruwa. Ta tashi da zafi, jini ya hau, ƙafa ba ta jin komai tukuna, sai ta yi zagaye na biyu da na uku a 21.0. A ranta ta ci ribar daƙiƙa biyu. Alhali ta ciwo bashin da sai ta biya shi ninki biyu ko uku: wajen zagaye na tara ƙafa ta fara nauyi, na goma sha ɗaya ya zama 23, na goma sha huɗu 24 da rabi, kai ya ɗago, kafaɗu suna rawa, keken yana yawo a kan layi. Mai kallo sai ya ce ba ta da juriya. Ba juriya ta rasa ba, a zagaye na biyu ta zubar da tseren. Da aka koma kilomita 4 wannan kuskure ya ƙara tsada, domin a kilomita 3 mai taurin kai kan iya lallaɓawa ta kai layi kafin ƙafa ta mutu sarai, a kilomita 4 kuwa akwai sauran zagaye huɗu suna jiran ta.

Doka ta hana ƴar tsere ganin kowace na'ura mai nuna gudu ko ƙarfi lokacin gasa a fili, don haka idonta a kan mai horarwa yake. Yana tsaye a gefen ciki kusa da layin tashinta, da agogo da takardar jadawali. Idan tana kan lokaci, yana daidai layin. Idan ta riga jadawali sai ya taka zuwa gefe ɗaya, idan ta makara ya taka zuwa ɗaya gefen, kowane taku yana da ma'anar da suka shirya tun a gida. Wasu ƙasashe allo suke ɗagawa mai lamba ɗaya ko biyu. Ko wanne aka zaɓa, a saba da shi a horo, kada ranar gasa ta zama ranar koyo. Kada kuma mai horarwa ya riƙa ihun "ƙara, ƙara" a kilomita ta farko. Aikinsa a wannan lokaci shi ne ya danne ta.

Manya ma ba su tsira daga lissafin ƙarfi ba, tunda share fage da karawar ƙarshe a yini ɗaya ake yin su. A gasar duniya ta Oktoban 2024 a Ballerup ta ƙasar Danmak, Dygert ta kafa tarihi a share fage da minti 3 da daƙiƙa 15.663, gudun da ya haura kilomita 55 a awa. Da aka zo karawar ƙarshe, Anna Morris ce ta ɗauki rigar. Mai tarihin duniya ta koma gida da azurfa. Morris ɗin ce kuma a Fabrairun 2025 a Manchesta ta yi sabon nisan cikin minti 4 da daƙiƙa 24.060, wato bayan tashi kowane zagaye daƙiƙa 16 da ɗan ɗigo. A kwatanta da 22.1 na misalinmu a ga nisan tafiyar, ba don a karaya ba.

Abu na biyu da ke cin lokaci a ɓoye shi ne layi. A jikin filin akwai baƙin layi, santimita 20 daga bakin ciki, a kansa ne aka auna mita 250. Sama da shi akwai jan layi, santimita 85 daga bakin. Wadda ke tafiya a kan ja maimakon baƙi tana ƙara wa kanta mita 4 a kowane zagaye, a zagaye 16 mita 65 ke nan, fiye da daƙiƙa 4 ga gwana, kusan 6 ga ƴar koyo. Ba ta yi rauni ba, ba ta rage ƙarfi ba, nisa kawai ta ƙara wa kanta. Ƙasa da baƙin kuma akwai shuɗiyar shimfiɗa wadda ba ta cikin fili, ana jera soso a kanta don kada a yanke hanya, taya ya taka soso gudu ya ragu, wani lokaci keke ya yi tangal-tangal. Riƙe baƙin layi yana wuya ne a wajen fita daga lanƙwasa, inda keke ke son ya hau sama. Maganinsa a sassauta hannu, a kafa ido mita goma zuwa goma sha biyar a gaba, a bar ƙugu ya ja keken. Mai ƙanƙame kan keke ita ce ta fi kowa yawo.

Tashi kuma fanni ne mai zaman kansa. Ana saita fedar ƙafar da za ta fara bugu a gaba, a ɗage sama da tsakiya, kusan daidai da bututun da ya gangaro daga kan keken. Saura daƙiƙa biyu ta miƙe daga sirdi, saura ɗaya ta ja ƙugu baya, da sifili ta jefa shi gaba, hannuwa a miƙe, ƙirji a buɗe, tana jan kan keke tana danna feda. Wadda ta riga na'ura motsi ta yi asara biyu: jikinta ya riga ya zo gaba keken bai saku ba, bugun farko ya tafi a banza, ko kuma a busa mata tashin ƙarya, kuma sau ɗaya ake yafe shi. Tana tsaye a kan feda har wajen kashi uku cikin huɗu na zagayen farko, sannan ta zauna, ta mayar da hannuwa ɗaya bayan ɗaya kan sandunan gaba, waɗanda ake ɗora hannu a kai don a rage iska, a miƙaƙƙen ɓangare, ba a cikin lanƙwasa ba. Idan taya ya fashe ko wani muhimmin ƙarfe ya karye, doka ta tanadi sake tashi, amma kada kowa ya dogara da hakan don sakacin gyara.

Yanzu keken. Ba shi da birki, ba shi da canjin giya, ba shi kuma da firwil: muddin tayan baya yana juyawa, feda tana juyawa. Wadda ta saba da keken hanya, ta gama tsere ta manta ta saki ƙafa, feda za ta ɗaga ta daga sirdi, wani lokaci har ƙasa. Wannan shi ne darasin rana ta farko. Na biyu, kada a hau lanƙwasa da sanyin jiki, domin a ƙaramin gudu taya kan zame ko fedar dama ta daki katako. Nauyin keke bai halatta ya gaza kilo 6.8 ba. Da yake giya ɗaya ce, zaɓenta kafin tsere shi ne rabin shawarar mai horarwa. Lissafin ba wuya: a raba haƙoran farantin gaba da na ƙaramin baya, a ninka da zagayen taya, wanda yake kusan mita 2.10. Faranti mai haƙori 48 da ƙarami mai 15 suna ba da mita 6.72 a kowane juyin feda. Don zagayen 22.1 yarinyar misalinmu za ta juya feda sau 101 a minti, daidai ke nan. Mai 60 da 15 yana ba da mita 8.40, da shi ake yin kilomita 55 a awa a juyi 109. Sabbin shiga suna sha'awar babban faranti saboda sun gan shi a keken manya. Wadda ba ta da ƙarfinsa za ta kwashe zagaye ɗaya da rabi tana kokawar ɗaga shi, gwiwa ta sha wuya, idan kuma ta gaji a ƙarshe babu ƙaramar giyar da za ta koma. Ƙaramar giya fiye da kima ita ma tana da nata sharrin, ƙafa ta yi ta fyaɗi, ƙugu yana tsalle a sirdi, numfashi ya ƙare da wuri. Ga ƴar koyo mu dai mun fi son a kuskure ta wajen ƙarama.

Ga masu gyara, abubuwa ƙalilan ne ke jawo mafi yawan haɗari. Sarƙa ta kasance tana da ɗan wasa kamar santimita ɗaya sama da ƙasa a tsakiyarta, a juya feda a gwada a wurare da yawa, don faranti ba ya cika zama da'ira sak. Mai tauri tana cin ƙarfi, mai sako-sako tana faɗuwa, idan ta faɗi kuma ta maƙale tayan baya ya tsaya cak. Ƙaramin haƙorin baya yana da zoben kulle mai zaren hagu, a ɗaure shi sosai, in ba haka ba ranar da aka danne feda baya don rage gudu sai haƙorin ya kwance. Notocin tayan baya na sifana 15 ne, idan ba su ɗauru ba bugun farko na tashi zai ja tayan gaba ya goge firam. Tayan gam, wanda ake mannawa a jikin wili, a ba shi aƙalla yini guda ya bushe, a tura shi da babban yatsa ko'ina a ga bai ɗaga ba, domin a lanƙwasa ne yake kwaɓewa, kuma zafinmu yana tausasa gam idan aka bar keke a rana ko cikin mota. Ƙarfen ƙasan takalmi da ke shiga feda idan ya cinye a canja shi, shi ne ke sa ƙafa ta fizge a tashi. A san kuma cewa alƙalai suna auna keke kafin tsere: hancin sirdi ya kasance aƙalla santimita 5 a bayan tsakiyar ƙarfen feda, ƙarshen sandunan gaba kada ya wuce santimita 75 a gabansa, sai rangwamen da aka tanada bisa tsawon mutum. Abin takaici ne a yi wata shida ana horo a wani zama, a zo bakin fili a ce sai an sauya shi.

Maganar sutura ba za mu tsallake ta ba, don ita ce tambayar farko da iyaye ke yi. Ana iya rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, a rufe gashi da ɗankwali mai kama kai a ƙarƙashin hular kwano. Abin da ba ya yiwuwa shi ne tufa mai faɗi mai kaɗawa. Tana kama iska ta ci daƙiƙoƙi, mafi muni kuma idan bakin wando ko gefen mayafi ya shiga tsakanin sarƙa da faranti, a keken da feda ba ta tsayawa, babu damar ceto. A sa mace cikin masu horarwa ko masu rakiya tun farko. Ciwon da sirdi ke jawowa abu ne da yarinya ba za ta faɗa wa namiji ba, sai dai a ga ta daina zuwa, alhali sauya sirdi, ko sauke hancinsa kaɗan, ko wanke wandon tsere bayan kowane hawa, ya isa ya magance shi. A kuma auna jinin kowace yarinya a asibiti kafin a fara horo mai tsanani. Ƙarancin jini ya yawaita ga ƴan mata, ga zazzaɓin cizon sauro da ke ƙara shi bayan damina, kuma tseren nan gaba ɗayansa a kan iskar da jini ke kai wa tsoka ya dogara.

To, ina za a yi, tunda ba mu da filin katako? Wasu za su ce filin guje-guje na Seyni Kountché. Ba mu ba da wannan shawara ba. Lanƙwasarsa a shimfiɗe take, a gudun kilomita 40 sai keke ya kwanta kusan digiri 20, feda na iya dukan ƙasa, taya kuma yana ɓata shimfiɗar masu gudu. Abin da ake buƙata shi ne miƙaƙƙiyar kwalta marar gangara, kilomita 4 da ɗan ƙari, a wajen gari, wadda jami'an tsaro za su tsare na awa biyu da sassafe. A auna ta da tef mai mita 50, sau biyar alama ɗaya, a shafa fenti a gefen hanya kowace mita 250 har alama 16. In babu tef, a bi bawul ɗin taya: juyi 119 na taya mai zagayen mita 2.10 shi ne mita 250, amma a fara auna zagayen tayan da mutum a kai. Kada a dogara da wayar hannu, kuskurenta ya fi tazarar da muke nema. Babur ya bi yarinyar a baya da nisa, ba a gaba ba don kada ya tare mata iska, na bayan babur ɗin yana danna agogo a kowace alama yana rubutawa. Mutum ɗaya ya riƙe sirdi a wajen tashi, ya saki ba tare da turawa ba. Da yake hanya ba ta zagayowa, iska tana iya ƙawata lokaci ko ta ɓata shi, saboda haka a yi gwajin ta fuska ɗaya, a huta minti 40, a sake ta ɗaya fuskar, a rubuta duka biyun. Keken hanya na yau da kullum ya isa, a zaɓi giya ɗaya a hana taɓa ta.

Lokacin bazara, da zafin Yamai ke haura digiri 40, a gama komai kafin ƙarfe takwas na safe. Gaskiya ne iska mai ɗumi ta fi sauƙin ratsawa, shi ya sa ake ɗumama filayen Turai ranar gasa, haka iskar wuri mai tudu take, shi ya sa masu neman kafa tarihi ke tafiya Aguascalientes ta Meziko, wadda ke sama da teku da fiye da mita 1,800, inda Sarah Hammer ta yi kilomita 3 cikin minti 3 da daƙiƙa 22.269 a 2010. Amma ɗumin cikin ɗaki daban, ranar watan Afrilu daban. Ranakun da hazon hunturu ya yi kauri kuwa a ɗage horo mai tsanani, ƙurar da ake zuƙa a irin wannan numfashi tana barin tari na kwanaki.

Horon mako ba ya buƙatar kayan tsada. Doguwar tafiya ɗaya ta awa biyu zuwa uku a gudun da ake iya hira. Rana ɗaya ta minti 4 da ƙarfi, minti 4 a hankali, sau huɗu ko biyar. Rana ɗaya ta kilomita ɗaya-ɗaya sau huɗu a daidai gudun jadawali, ba sama da shi ba, don ƙafa ta haddace 22.1 har ta gane shi ba agogo. A haɗa da tashi daga tsaye sau shida, mita 125 kowanne, da cikakken hutu tsakani. Sauran ranaku tafiya mai sauƙi, da yini guda na hutu sarai. Gwajin kilomita 4 cikakke sau ɗaya a wata ya wadatar. Masu yin sa kowane mako suna gajiyar da yara ne kawai. Ranar gwaji a ci abinci awa uku kafin tashi, a ɗumama jiki minti 20 zuwa 25, a gama saura minti goma.

Bayan wata shida na irin wannan, littafin zai nuna uku ko huɗun da lokacinsu ke sauka, kuma lambobin alama-alama za su nuna wadda ta iya rabon ƙarfi da wadda ƙarfin kawai take da shi. Su ne za a nema wa hawa fili na gaske. Ba sai Turai ba. Abuja tana da filin tseren keke a harabar babban filin wasa na Moshood Abiola, an gina shi don wasannin Afirka na 2003, a can kuma aka yi gasar Afirka ta 2022. Alƙahira tana da na katako, wanda ya karɓi gasar matasa ta duniya a 2021. UCI tana da cibiyar horarwa a Aigle ta Suwizalan da ke karɓar ƴan ƙasashe irin namu, amma ta hannun hukumar ƙasa ake shiga, kuma abin da za su fara tambaya shi ne lokutan yarinyar. Kowa ya ji labarin Ese Ukpeseraye ta Nijeriya, wadda a Paris a 2024 sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta hau fili. Mutane sun tsaya a kan abin kunyar aron. Mu abin da muka gani shi ne keke ana iya aronsa cikin yini ɗaya, shekarun horon da suka kai ta wurin kuwa ba a aronsu.

Roƙonmu ga hukumar tseren keke ta ƙasa da ma'aikatar matasa da wasanni ƙarami ne: hanya ɗaya da aka auna a Yamai, ɗaya a Tawa, izinin tsare su safiya ɗaya a wata, agogo biyu masu riƙe lokacin alama-alama a kowane gari, da malaman motsa jiki na makarantun sakandare da za su turo ƴan matan da suka fi gudun dogon zango, da yardar iyayensu a rubuce. Ku kuma, Malam Edita, in an fara, muna roƙon ku riƙa buga sakamakon kowane wata a shafinku, da lokacin kowace kilomita daban, ba jimillar kaɗai ba.

Wassalam.

Daga wasu masu horar da ƴan tseren keke da masu gyara,
Yamai, Jamhuriyar Nijar